Rantsuwar Kalilu a Zauren Nu'uman

"Sai da ya rage minti biyar a tashi sannan ya tuna yana da ɗan wasan gaba a benci," in ji Kalilu tela, yana nuna talabijin da hularsa. "Wannan koci ne ko mai gadi?"

An tashi wasan ke nan, ɗaya da ɗaya, la'asar ta yi sanyi. Mutum bakwai ne a zauren Malam Nu'uman mai hatsi, inda 'yan unguwa suka saba kallon wasan ƙasa saboda shi ke da sola. Nu'uman yana jingine da buhun gero yana ɓare gyaɗa.

"A gidan mutane fa muka buga, Kalilu. Mutumin nan wata huɗu kawai ya yi. Kai da kake kwashe wata biyu a kan riga ɗaya, ba za ka iya ba shi shekara ba?"

Zauren ya ɗauki dariya. Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, kuma ba ranar suka fara irin wannan ba. Sai dai ran nan a gaban Saminu, mijin 'yar Kalilu, aka yi dariyar, har shi ma ya sunkuyar da kai yana murmushi. Kalilu ya miƙe.

"Wallahi tallahi, ƙafata ba za ta sake taka zauren nan ba sai an kori mutumin nan."

"To za ka daɗe a waje," in ji Nu'uman, bai ko ɗago ba.

Kalilu ya ɗauka abin mako biyu ne. Kowa a rediyo korar kocin yake kira. Amma wasa na gaba 'yan ƙasa suka ci, na bayansa ma suka ci. A shagonsa yake saurare, ƙafa a kan keken ɗinki, har wata rana ya kama kansa yana jin haushi don mai tsaron gidan 'yan ƙasa ya tare bugun fenariti. Gaisuwa dai ba ta yanke ba. A ƙofar masallaci Nu'uman yakan riƙe hannunsa ya ce, "Har yanzu ba su kore shi ba? Allah Sarki."

Bayan kaka Nu'uman ya dawo daga kasuwar Mai'aduwa da kumburin ƙafa. Ya yi kwana tara a asibiti, aka ce ƙoda ce, aka dawo da shi gida. A zauren aka shimfiɗa masa katifa, don ya fi iska kuma 'yan dubiya su samu wurin zama.

Kalilu ya zo tun ranar farko. Ya tsugunna a waje, dab da dokin ƙofa.

"Sannu, Nu'uman. Ya jikin?"

"Shigo mana. Ba na iya ɗaga murya."

"Ina jin ka daga nan."

Nu'uman ya juyo da kai a hankali. Fuskarsa ta cika, idanun sun shige. "Alhamis akwai wasa. Ka ga abin da ka jawo min, ni ma na koma addu'ar a lallasa mu."

Ranar Alhamis 'yan ƙasa suka ci biyu ba ko ɗaya. Daga shagonsa Kalilu ya ji ihu a layin baya, amma zauren maƙwabcinsa shiru, ba wanda ya kunna komai.

Da ya shiga gida, matarsa Zubaida ta ajiye masa buta ba ta tafi ba.

"Malam, Haulatu matar Nu'uman ta ce tun jiya ruwa kawai yake sha. Sau biyu yana tambayarka. Rantsuwa ai tana da kaffara."

"Na sani."

"To me ake jira? Sai Baturen kocin nan ya gaji ya tafi da kansa?"

Ya kalli katangar. Can ya ce, "Gobe ki dafa na mutum goma. In sun ci sai in shiga."

Haka ya ɗauka abin yake, sai an fitar da kaffara kafin a karya rantsuwa. Ya so ya tambayi liman, Malam Abdulbaƙi, amma ya san zai ce a kan me aka rantse, shi kuwa da furfurarsa ba zai iya buɗe baki ya ce a kan ƙwallo ba.

Da sassafe Zubaida ta ɗora shinkafa da wake. Kalilu ya wuce ta ƙofar zauren, ya ga an saki labule, ya ji tari a ciki. Ya tsaya kaɗan, ya ce a ransa bari dai ya gama komai tukuna. Ya nufi wajen rijiyar Kusugu neman mabuƙata. Ya samu tsofaffi shida, ya kwatanta musu gidan. Wani ya ce masa akwai wasu a bakin tasha, ya taka har can, don ba ya son lissafin ya gaza ko da mutum ɗaya.

Hantsi ya ɗaga lokacin da ya shigo layinsu. Tun daga nesa ya hango takalma a ƙofar Nu'uman, da mutane suna shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya. Saminu ne ya taro shi.

"Baba, sai haƙuri. Bai fi rabin awa ba."

Liman yana tsaye a bakin zauren yana naɗe hannun riga. Kalilu ya gaishe shi, sannan maganar ta zubo da kanta: rantsuwar, da kocin, da tukunyar da ke kan wuta. Malam Abdulbaƙi ya dube shi ya daɗe.

"Haba Kalilu. Ai da ka shiga abinka, kaffarar ta biyo baya. Ko bayan wata ne."

Ta kan katanga ƙamshin wake yana tasowa, tsofaffi biyu daga cikin waɗanda ya gayyato sun iso, suna tsaye a ƙofar gidansa sun rasa inda za su nufa.

"Kai ne maƙwabci," in ji liman. "Zo ka zuba mana ruwa."

Kalilu ya cire takalmansa, ya jera su a gefe. Ya tsallaka dokin ƙofar. An lulluɓe Nu'uman da farin zane har kai. Aka miƙa wa Kalilu buta, ya durƙusa a gefen katifar, ya ɗiga ruwan a bayan hannunsa ya ji ko ya yi sanyi da yawa.