Gurasa a Kasko

Gurasa ta huɗu ma ta fito kamar faifai. Labbo ya ƙwanƙwasa ta a gefen murhu, ta yi ƙara.

Kwana uku ke nan ba abin da ya zauna a cikin matarsa Kulu. Laulayi ne, wata na uku. Malamar asibiti ta ce in yau ma ba ta ci ba, gobe sai gado da ƙarin ruwa. Da hantsi Kulu ta buɗe ido ta ce gurasa take so, mai laushi. Ya zaga Gusau a babur. Mai tanderun da ya sani ta tafi biki Bungudu. Sai ya sayo fulawa da yis, ya ɗora kasko.

"Mi ke ƙauri haka?" Inna Ladidi ce, maƙwabciyarsu, ta leƙo ta kan katanga.

"Gurasa ce, Inna."

"Au! Na ɗauka taya kake gasawa."

Ta zagayo, hannuwanta duka ƙunshe cikin lalle. Ta ga muciya tsaye a cikin roba, dariya ta zaunar da ita kan turmi.

"Labbo! Da muciya ka tuƙa ta? Tuwo ne?"

"To da mi ake yi?"

"Da hannun da Allah ya ba ka. Nawa ba ya taɓuwa. Sake sabo."

Ya sake. Ita da baki, shi da hannu.

"Ruwa mai ɗumi. Ƙara. Ya isa! Kai, ya yi yawa, zuba fulawa. Kindirmo kaɗan. Murza, ɗan nan, ba faɗa kuke ba."

Suka rufe kwaɓin, suka sa a rana. Da azahar ya taso har ya ɗaga murfi. Ta sa ya zare itace biyu, ya goge kaskon tas, ba mai. Ya shimfiɗa guda, ya rufe.

Da ya buɗe, gurasar ta kumbura.

"Inna! Inna, numfashi take!"

Ya yi tsalle, ya taka muciya, ya kusa faɗawa murhu. Yana dariya, fulawa har a gira.

"Juya ta, shashasha! Ka naɗe a ƙyalle, tururinta ne laushinta."

Ya gasa ta biyu, ya kai wa Kulu. Ta gutsura, ta shinshina. Ya tsaya bakin ƙofa, ya kasa zama. Ta cinye guda, ta ci rabin wata. Suka jira. Amai bai zo ba. Ta gyara kwanciya.

"Malam," ta ce, "gobe ma irin wagga. Kar ka canza komai."

Ya fito da gudu, baki har kunne.

"Ta zauna, Inna! Ruwan nan, kofi nawa muka zuba?"

"Oho. Ni dariya nake, ban ga rabin abin da ka zuba ba."

Ta fice. Labbo ya tsuguna gaban robar, ya jawo sauran fulawar kusa.