Baiti na Uku

Ina surfen gero a tsakar gida, ranar Talata bayan azahar, waƙar ɗana tana tashi daga rediyon maƙwabta, sai amalanken jaki ya tsaya a ƙofa. Bubakar ne ya shigo, makiyayi, abokin ɗana tun suna yara. An naɗe masa hannun dama da rawani, jinin har ya yi baƙi. Bai yi sallama ba.

"Inna," ya ce, "yana waje, bisa amalanke."

Surajo ne ɗana na fari. Shekara ashirin da shida ban taɓa kiran sunansa ba, don kunyar ɗan fari. "Wannan yaron" nake cewa. Yau na fara rubuta sunan.

Waƙa ɗaya ya yi a duniya. Bubakar ya ba shi bijimi, ya sayar, da kuɗin ya tafi Madawa aka ɗauki muryarsa a situdiyo. Kafin wata ya mutu ta shiga kowace salula daga Urno har Keita. Mako bakwai ita ce ta ɗaya a shirin zaɓen masu sauraro. 'Yan kabu-kabu na kunna ta, masu shayi na kunna ta, ba gidan bikin da ba a yi rawarta ba.

A wajenmu mawaƙi ba ya cin alherin mutum ya yi shiru, sai ya ambace shi. A baiti na uku ya kira Bubakar da sunan ubansa. Ya ce shanunsa farare da jajaye, in sun sauka rijiyar gabas da Tabotaki ranar Talata, ba a ganin ƙasa. A gabana Bubakar ya fara jin baitin. Ya yi dariya har ya zubar da fura.

"Mahaukaci! Ka faɗi rijiya, ka faɗi rana. Saura ka miƙa wa ɓarayi igiya."

"Matsoraci," in ji yaron. "Yau duk ƙasar Adar ta san sunanka, ka ce na gode mana."

Sauran daga bakin Bubakar na ji, yana durƙushe kusa da turmina. Da hantsi suka zo, mutum takwas bisa babura, fuska a rufe, kowa da bindiga. Yaron yana bakin rijiya yana taya shi jan guga. Babbansu ya ɗaga salula, waƙar na tashi, ya ce, "Mun gode da kwatance." Bubakar ya ɗaga sanda, ɗaya ya sare shi da adda har ƙashi ya bayyana.

Yaron ya shiga tsakaninsu da garke. "Ni na yi waƙar. Ku bar masa ko rabi."

"Kai ne? To rera mana. In ta yi daɗi mu gani."

Ya rera baiti na ɗaya. Ya rera na biyu, suna tafi. Da ya kawo na uku ya yi shiru.

"Ci gaba. Kira sunan mai shanu."

Ya ƙi. Suka buge masa baki da gindin bindiga, haƙora uku suka faɗi cikin kwamin da shanu ke shan ruwa. Ya tofar da jini, bai buɗe baki ba. Babban nasu ya harbe shi a wuya, ya ƙara masa a ƙirji, suka kora garken duka.

Na fita wajen amalanke, na ɗaga tabarmar da aka rufe shi da ita. Akwai yashi a leɓensa, na share da bakin zanena.

Bayan sadakar bakwai waƙar ta koma ta ɗaya. Har yanzu mutane na gaishe da 'yan uwansu da ita a rediyo.

Salularsa na wajena. Kullum in na gama sharar safe ina zama bakin turmi in kunna waƙar, babban yatsana bisa maɓallin kashewa. Ina jin baiti na ɗaya, ina jin na biyu. Da ya ja numfashi zai shiga na uku, sai in danna.