Shaidar Bube Masaƙi

"Ku ɗauke ni da gadon," in ji Bube. "In ƙafa ta ƙiya, ai baki bai ƙiya ba."

Namadi ya dubi tsohon maƙwabcin nasa, ya ga babu abin da ya rage sai ƙashi da ido. Rabi'atu, matar Bube, ta tare ƙofa tana kuka.

"Malam, kai da ko kunu bai tsayawa cikinka? Mi zaka yi zauren alƙali?"

"Yau za a yanke ma Ɗangiwa hukunci. In mutu da maganarga cikin ciki, in ce ma Allah mi?"

Duk Tambuwal an san zancen. Ɗangiwa mutumin Fakku ne, shi ya kai kuka Sakkwato cewa wani babban bafade, Ɗanmaliki, yana kwashe musu hatsi da sunan guzurin yaƙi. Aka turo jakada ya bincika, sai aka tsinci gawarsa a hanyar Kebbe. Nan da nan aka sa wa Ɗangiwa mari a ƙafa, aka ce ya haɗa baki da Kabawa. Bube kuwa yana gonar audugarsa ranar, ya ga wanda ya yi saran, har ya tsinci kuben takobin da ya faɗi a kunya. Da ya dawo gari ya kai kuben fada, sai kuben ya faɗa hannun Ɗanmaliki. Daga ranar ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, ciwo kuma ya kwantar da Bube.

Namadi ne ya raka shi fada a wancan karon. Shi ma an aiko masa cewa mai iyali ba ya tsoma baki a faɗan manya. Ya yi shiru, shirun yana cin sa. Yanzu ya kama goshin gadon kara, ƙannensa suka kama sauran, suka ratsa kasuwa da hantsi, mutane na darewa.

Zauren ya cika maƙil. Ɗangiwa na durƙushe, marin ya cinye masa idon sawu. Aka sauke gadon gaban buzun alƙali.

"Allah shi gafarta Malam," in ji Bube, muryarsa kamar ana jan zare. "Na zo in ba da shaida. Maccido, baran Ɗanmaliki, shi yas sare jakada. Da idona nig gani."

Ɗanmaliki ya gyara rawani, ya yi murmushi. "Malam, wanga tsoho ya ruɗe. Ga mutum biyu nan za su rantse ya bar jam'i tun kaka. Wanda bai zuwa masallaci, shaidatai ba ta karɓuwa."

Mutanen biyu suka rantse, ba su ɗaga kai ba.

Bube ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ƙafafuna sunka mutu, ba idona ba. Ka ce na ruɗe? To, ina kuben da nib ba ka? Jan kube mai tuntu, wanda kowa yas sani ga kafaɗar Maccido. Fiddo shi, in ƙarya nika yi a yanke man harshe."

"Ban ga kube ba," in ji Ɗanmaliki.

Alƙali ya shafa gemu. "Baba, an soki adalcinka, kuma kai ɗaya ne. Akwai wanda yag ga an ba da kuben?"

Namadi ya tuna gonarsa, ya tuna 'ya'yansa. Ya ga idon Ɗanmaliki a kansa. Sai ya ji bakinsa ya riga shi.

"Ni, Allah shi gafarta Malam. Gabana anka ba Ɗanmaliki kuben, ya sa shi cikin hannun rigatai. Ni kuwa sahun farko nika sallah, a tambayi liman."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Alƙali ya ɗaga hannu. "Ba ni zub da jinin Musulmi bisa shakka. Ɗangiwa shi zauna tsare, ba a taɓa shi. Maganarga Sakkwato za ta, kuma a zo da Maccido."

Da za su fita Ɗanmaliki ya matso kusa da gadon. "Za ku gani, kai da maƙwabcinka."

"Ni ka makara," in ji Bube. "Wurin da za ni, ba ka da fada can."

A hanyar komawa ya nemi ruwa a gindin tsamiyar marina. Namadi ya tallafi kansa, Bube ya kurɓa, ya yi kalmar shahada a hankali. Kafin su kai gida gadon ya yi shiru.

Bayan azahar aka fito da gawar Bube don a sallace ta. Mutanen unguwa da yawa sun maƙale a gidajensu don tsoro, sahu bai cika ba, liman ya dakata yana duban hanya. Sai ga mutanen Fakku da suka zo sauraron shari'a, ƙafafunsu butu-butu da ƙura. Suka jingina sandunansu a bango, suka yi layi a bakin randa, buta ɗaya tana zagawa hannu zuwa hannu.