Maudu'in Gidaɗo

Ni na yi wa Gidaɗo abin, ba kuma zan tsaya ina kwana-kwana ba.

Ɗaki ɗaya muke haya a unguwar Madinat Nasr, can ƙasar Larabawa inda muka je karatu, dukanmu muna digiri na biyu. Gidaɗo ɗan Yola ne, irin mutanen nan da ko direban mota ya zage su sai su ce ma'alish, ba komai, ƙila bai karya ba ne. Shekara biyu yana zarya ɗakin ajiyar tsofaffin littattafai, har ya tono rubutun hannun wani malami da ya rasu shekara ɗari bakwai da suka wuce, ba a taɓa buga shi ba. Malamin cewa yake an halicci ɗan Adam da alheri, sharri kuwa daga baya ake koya masa. Kullum muna cin wake da burodi da safe sai Gidaɗo ya ɗauko maganar. Ni kuma in ce masa mugunta a jini take, tarbiyya takunkumi ce kawai. Sai ya yi murmushi. Wallahi murmushin nan ne yake ƙona min rai.

A sashenmu, wanda ya riga yin rajistar rubutu shi ke da shi. Gidaɗo bai yi ba, wai sai ya gama kwafe shi tsaf. Da hannunsa ya nuna min lambar rubutun. Tallafin karatunsa kuwa saura wata uku, in ba shi da maudu'i sai gida.

Ranar Lahadi na je na yi rajista da sunana.

Da azahar ya shigo ko takalmi bai cire ba.

"Harun, sunanka na gani."

"Nawa ne," na ce.

"Malaminka ne ya matsa maka?"

"A'a."

"To ƙin karɓar naka maudu'in aka yi?"

"An karɓa tun bara. Ni na janye shi."

Ya zauna a bakin katifa. Ya ce, "Don Allah ka ba ni dalili. In wani ne ya zuga ka, faɗa min sunansa, khalas, shi ke nan, na yafe maka."

Na gane ba rubutun yake roƙo ba a lokacin. So yake in bar masa malamin rubutun nan da gaskiyarsa, cewa sharri koya wa mutum ake yi. Ƙarya ɗaya ta isa, kuma ina da ita a baki.

Na ce, "Babu kowa. Ganin dama na yi."

Ya miƙe tsaye. Sannan ya kwashi littattafan da ya yi ta kwafe rubutun a cikinsu, ya dulmiya su a bokitin wanki ɗaya bayan ɗaya, don kada in amfana da su. Ya ce min Allah ya isa. Ban taɓa jin ya faɗa wa kowa haka ba, kuma na ji daɗi.

Da tallafin ya ƙare ya koma Yola. An ce min yana koyarwa a wata islamiyya, kuma duk makarantar babu malamin da yara ke tsoron bulalarsa kamar shi.