Wankan Giwa

"Da tiyo, Baffa? Da tiyo ka wanke ta?"

"To da me zan wanke ta, ɗiyata? Da cokalin shayi?"

Ba ta yi dariya ba. Tana tsaye a bakin ramin gyara, jakar kayan aiki a kafaɗarta, tana kallon ruwa na ɗiga daga cikin Giwa, ɗis, ɗis, kamar wanda aka yi wa rauni aka tafi aka bari. Giwa shi ne sunan da tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa suka laƙaba wa wannan kan jirgin kaya. Mahaifinta ya tuƙa shi har ya rasu, ƙaninsa Baffa yana gefensa a kujerar mataimaki. Bayan an yi watsi da shi a ƙarshen layi, ciyawa ta fito ta tagoginsa, tsofaffin suka roƙa aka ba su, suka jawo shi rumfar nan da niyyar su dawo masa da rai.

Su suka gyara injin dizal ɗin, suka kankare tsatsa, suka yi fenti. Amma Giwa ba da dizal take juya ƙafafunta ba. Shi injin, janareta yake juyawa, wutar janaretan ce ke jan taragai. Wannan kuwa aikinta ne, ita da suke kira Mai Naɗi. Ta kwashe rani guda tana warware ƙonannun wayoyin tagulla tana naɗa sababbi, ta shafe su da fentin da ke hana wuta tsallakewa, ta gasa su har suka bushe ƙayau. Yatsunta duk sun tsattsage. Mijinta har ya daina tambayar yaushe za ta dawo gida, sai dai ya aiko mata da abinci rumfa.

Yanzu ga ƙofofin gefe a wangale, ga janaretan yana sheƙi, jiƙe sharkaf.

Baffa ya gyara tsayuwa ya shiga yi mata bayani, irin bayanin da ake yi wa yaro. Ya ce tun kafin a haife ta, duk kan jirgin da ya fito daga babban gyara, direbobinsa ne ke yi masa wanka da hannunsu kafin a tayar da shi, ba a bar wa leburori. Ya ce gobe za a tayar da Giwa, an gayyato tsofaffin abokan aiki da matan waɗanda suka rasu, har da mahaifiyarta, ina za a kai kunya a nuna musu ita da ƙura? Mai Walda, ɗaya daga cikin tsofaffin, wanda ke goge fitilar gaba da tsumma, ya sa baki ya ce ai amarya ba ta fita ba wanka.

Ta juya ta dube shi, tsumman ya tsaya a hannunsa.

Ta tambayi Baffa ko a zamaninsu ma buɗe ƙofofin gefe suke yi su feshe cikin. Ya ce a'a, bokiti ne da soso, jiki kawai. Amma da ya leƙa ya ga ƙura ta kwanta a kan aikinta, sai ransa ya ƙi. Wai don ita ya yi.

Wannan ce ta fi ƙona mata rai. Da mugu ne ya yi, da ta san abin da za ta faɗa masa. Sai ga shi mutumin da ya goya ta a wuya ya nuna mata yadda ake busa ƙahon Giwa, shi ne ya tsaya da tiyo yana zuba ruwa a kan abin da ta hana idonta barci dominsa, yana murna. Ta haura cikin, ta zura hannu a tsakanin naɗin wayoyin, ta fito da shi a jiƙe har gwiwar hannu. Hawaye suka taho, ta mayar da su da ƙarfi, don ba ta son ya ɗauka ta sauko.

Ta faɗa musu a fili: in aka tayar da injin gobe, wuta za ta bi ruwan nan ta cinye naɗin kafin baƙi su gama tafi. Irin wannan janareta kuma an daina ƙera shi, babu na biyu a ko'ina. Sai an kewaye shi da fitilu masu zafi na makonni kafin a yarda da shi.

Baffa ya ce rana za ta busar da shi kafin gobe, ai ko bargo yini guda yake yi. Ta ce janareta ba bargo ba ne. Ya ce ta cika tsoro, ubanta ba haka yake ba. Nan muryarta ta tashi, ta ce kada ya kuskura ya sako mata ubanta, mutumin da ko gumi ba ya bari ya ɗiga a wurin nan.

Tsohon ya zauna a kan wani tsohon ƙarfen birki, ya cire hularsa. Ya ce, yana kallon ƙasa, kunnensa na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma likita ya ce yana bin bayansa. Makonnin da take faɗa, bai san me zai rage masa ba. Shi dai so yake ya ji kukan Giwa sau ɗaya.

Zuciyarta ta karye, amma fushin bai tafi ba, suka zauna tare a ƙirjinta. Ta dubi gashinsa da ya yi fari fat, ta dubi ruwan da har yanzu ke ɗiga cikin rami. Sai ta hau ɗakin direba, ta zare wani hannun ƙarfe na tuƙi da in babu shi Giwa ba ta motsawa, wanda tafin mahaifinta ya goge har ya yi santsi. Ta jefa shi cikin jakarta, ta leƙo ta taga, ta ɗaga murya yadda kunnen dama zai ji.

"Gobe kowa ya zo ya gan ta, ya shafa ta, amma ba mai tayar da ita. Kai za ka tsaya ka faɗa musu dalili, Baffa, ba ni ba. Ranar da ta bushe, a kujerar Baba za ka zauna, in kunnen ya ƙi, ka ji ta a ƙashin bayanka. Yanzu tashi ka taya ni jawo fitilu."