Inci Sittin da Biyar a Falon Baba Direba

Mai shagon ya ƙara murɗa ƙarar har sai da na ji ta a haƙorana. Talabijin sun fi goma jere a bango, duk suna nuna wani jan tsuntsu yana shan ruwa, hoton garau, kana iya ƙirga gashin wuyansa. Manaja ya tsaya gaban mafi girma, hannu a ƙugu.

"Tela, miƙo tef ɗinka," ya ce.

Abin da ya kawo ni ke nan. Ni tela ne, gidana yana manne da na mahaifinsa, Baba Direba, yau shekara goma sha bakwai. Manaja shi ne babban ɗan Baba. Ban san inda yake manajancin ba, sunan dai ya bi shi tun yana sakandare. Shekara huɗu rabonsa da gida. Ya zo ne saboda asibiti sun sallamo tsohon, sun ce a je gida a kula da shi, kowa kuma ya san ma'anar wannan. Hutun kwana biyar ya ɗauka. A rana ta biyu ya leƙo shagona ya ce in auna masa bangon falo, in kuma raka shi kasuwa, zai saya wa Baba abin kallon da ba a taɓa gani a layinmu ba.

Kuɗin hannunsa bai kai burinsa ba. Mai shagon ya ce ko dai ya ɗauki mai inci hamsin na kamfanin da aka sani, da doguwar sifika guda ɗaya, ko kuma ya haƙura sai ya ƙaro. Nan ne na sa baki, kuma har yau ina jin kunyar daɗin da na ji. Wata shida yarana suna damuna a kan tsohon akwatin talabijin ɗinmu mai ƙatuwar ƙeya, ni kuma wata shida ina yawon shaguna ina tambaya ba na saye. Na san komai. Na ce a kashe tsuntsun nan a sa mana tasha ta gaske mu ga hoton. Na ce a duba ramukan waya na baya. Sannan na ja Manaja lungu na nuna masa wani mai inci sittin da biyar, sunan kamfanin ko karantuwa ba ya yi, an haɗa shi da ƙananan sifiku biyar da uwarsu mai gurnani, duk a farashin wancan ƙaramin.

Mai shagon ya yi dariya ya ce ashe tela ba riga kaɗai yake yankewa ba. Ya ce akwai garantin shekara biyu, haɗawa kuma kyauta, amma da sharaɗi: ma'aikacinsu ne kaɗai zai kafa shi a bango, cikin kwana uku. In wani ya taɓa, ko ranar ta wuce, takarda ta mutu. Aka rubuta mana jibi da hantsi.

Da muka dawo na shiga gaida Baba. Tun da aka sallamo shi a falo yake kwana, an jingina gadonsa da bango kusa da taga, don ɗakin ciki yana toshe masa numfashi. Inna, matarsa, tana zaune tana masa fifita da murfin kwali. Na ba shi labarin abin da aka sayo, ina ta kwatanta faɗinsa da hannu.

"Shekara talatin ina kallon duniya ta gilashin mota," ya ce a hankali. "Yanzu wani gilashin za ku kawo mini?"

Ya huta, sannan ya kama yatsana.

"Ka ce wa yaron nan ya zo ya zauna. Magana gare ni. Ba doguwa ba ce."

Na faɗa wa Manaja. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da waya a kunne, ya ce wa Baba ya bari a gama haɗa kayan, sai su zauna su biyu suna kallo, ya faɗa masa komai a natse. Washegari kuwa wuni ya yi a gari yana neman sitabilaiza da doguwar waya. Sau biyu Inna tana aikowa gidana a tambaya ko na gan shi. Uwar yarana ta ce ai mutumin nan tsoron zama yake yi, shi ya sa ya nemo abin da zai riƙa gudu a kai. Na ce ta daina shiga abin da ba ruwanta. Ta ce wanda ya ba da aron tef ne zai faɗi haka?

Ranar da aka sa, ma'aikacin ya iso da jaka biyu da tsani, yana ta duba agogo, wai gida huɗu na jiransa. Ya ƙwanƙwasa bangunan falon ɗaya bayan ɗaya. Wannan akwai ƙofa, wancan taga ta cinye. Bango ɗaya ne zai ɗauki abin, wanda gadon Baba ke jingine da shi.

Inna ta ce a'a. Ta ce tun safe numfashinsa ya canza, ko ruwa bai karɓa ba, a bar shi inda yake. Manaja ya tambayi ma'aikacin ko zai iya dawowa gobe. Ya ce shi kam da zai so, amma gobe layinsa a cike yake, takarda kuma in ta wuce ta wuce, ba shi ya kafa dokar ba.

"Minti arba'in ne fa, Inna," Manaja ya ce. Sai ya juyo ya dube ni.

Da na ce uffan, da wataƙila ya fasa. Ni ne babba a wajen bayan tsofaffin. Amma ni na zaɓi kayan, ni na yi cinikin, sai na ji ina tuna shekara biyun nan ta garanti. Na sunkuya na kama ƙarshen katifa.

Baba ba shi da nauyi ko kaɗan. Muka shigar da shi ɗakin ciki, muka shimfiɗe shi a bayan wannan bangon dai, don nan kaɗai ke da fili. Ɗakin yana warin man zafi da tsofaffin kaya. Baba ya kama hannun rigar ɗansa.

"Zauna."

"Ina zuwa, Baba. Yanzu-yanzu."

Ya zare hannun a hankali, yatsa bayan yatsa, ya fita.

Injin huda bango ya fara. Ban taɓa jin ƙara mai muni irin wannan ba, kamar ana yi a cikin ƙashin mutum. Maƙwabta suka taru a tsakar gida suna leƙe, ana musun ko ya fi na gidan mai kemis. Babbar 'yata ta matso ta ce, in ya yi kyau mu ma irinsa za mu saya ko? Na dubi fuskarta, tana ta sheƙi, ko sau ɗaya ba ta kalli ƙofar ɗakin ciki ba. Na kore ta gida da tsawar da ta fi laifinta.

Minti arba'in ya zama awa biyu. Da aka gama, ma'aikacin ya ce dole a gwada sauti har ƙarshe kafin a sa hannu, haka tsarin yake. Ya ajiye kujera a tsakiyar falo, ya zaunar da Manaja, ya saki ƙarar jirgin sama. Jirgin ya taso daga hagu, ya bi ta bayan kanmu, ya fita ta dama. Uwar sifikun tana kaɗa kofuna a kan tebur. Manaja ya lumshe ido yana gyaɗa kai.

Sai na ga Inna a bakin ƙofa, bakinta yana motsi. Manaja ma ya gan ta. Ya ɗaga mata hannu, alamar ta ɗan jira, a zatonsa ƙarar take kuka da ita. Ni na lura ba ta riƙe da murfin kwalin. Na tsallake wayoyin na fizge fulogi.

"Haba malam, ba a kashe shi haka, ƙonewa zai yi," in ji ma'aikacin.

"Ya tafi," Inna ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce sau uku tana kira daga ciki.

Ma'aikacin ya cire hularsa ya yi addu'a, ya naɗe wayoyinsa shiru. Amma da ya kai ƙofa sai ya tsaya yana murza takarda, ya ce a yi haƙuri, in ba a sa hannu ba, shi za a cire wa a albashi. Manaja ya karɓi biron. Ya sa hannu, har ya rubuta kwanan wata. Na kawar da kai.

A ɗakin ciki ya durƙusa gaban katifar, ya daɗe bai taɓa Baba ba.

"Inna, me ya ce?"

"Cewa ya yi ka zo."

"Bayan wannan fa?"

Ashe bangon ba shi da kauri, injin ya ɓullo ta ciki a wuri biyu, garin siminti ya zubo a kan matashi, ya yi fari-fari a girar Baba da gemunsa. Inna ta jiƙa gefen zanenta a kofin ruwan da bai sha ba, ta sunkuya tana goge masa, gira ɗaya, sannan ɗayar.