Gwiwar Inna

Malamin lissafi ne, shi ya sa da mahaifiyarsa ta daina yarda ta shiga motarsa, bai tambaye ta dalili ba, sai ya ɗauko tef ya auna. Daga ƙasa zuwa kujera taku biyu da rabi. Ga Inna da ciwon gwiwa, ga likita ya ce duk Talata a kai ta gashin ƙashi, in ba haka ba ƙafar za ta riƙe. Talata uku ke nan tana cewa mura take yi. Malam ya gama lissafinsa: motar ce ta yi mata tsayi.

Bakaniken da aka kai wa motar ya kalli furfurar Malam, ya kalli motar, ya danne dariya. Masu zuwa a sauke musu mota ta yi ƙasa-ƙasa don gayu yawanci gemunsu bai gama fitowa ba.

"Malam, ƙuruciyar ce ta dawo?"

"Kai dai sauke min ita."

"Saukewa ba wuya. Akwai shoka mai sifirin a jiki, murɗawa ake yi ta yi ƙasa. Amma ita kaɗai ba ta isa ba. Tayoyin za su karkace su cinye ta ciki, sai an sa hannuwa masu saiti. Linkej ɗin nan, ƙarfen da ke haɗe da ƙafar, zai yi tsawo, ya dinga ƙwanƙwasa. Bushin ma, robobin mahaɗar ƙarafan, duk sun mutu."

Wani zai ce a bar shi haka. Malam kuwa, wa ya gaya masa? Sati biyu yana sintiri a garejin da littafinsa. Ya ƙi bushin mai tauri don kada rami ya girgiza tsohuwa. Ya sa aka kwance linkej sau biyu saboda ya ji wata 'yar ƙara da ko bakaniken bai ji ba. Ranar saitin tayoyi har kwanciya ya yi a ƙasa da farar rigarsa. Bakaniken ya rantse bai taɓa haɗa ƙafar mota mai laushi irin wannan ba, bai kuma taɓa gajiya da mutum haka ba.

Ranar Talata Malam ya buɗe ƙofar motar yana ta murmushi. Inna ta daɗe tana kallon kujerar. Ta ga wahalar da ya sha, kunya ta hana ta kawo zancen mura. Ta juya baya, ta saki jiki, ta faɗa ciki.

"Kin gani ko, Inna? Ko ɗaga ƙafa ba ki yi ba."

"Na gani, Auta."

Tafiya kam sai wanda ya gani, ko ruwan gorarta bai motsa ba. A ƙofar asibiti, inda mutane ke zaune layi a kan benci, ta fito da ƙafafu, ta dafa ƙofa, ta yunƙura. Gwiwa ta ƙi. Ta sake, ta koma zaune. Sai yanzu Malam ya gano kuskurensa. Ya auna shiga har da ɗigo, fita kuwa ko sau ɗaya ba ta zo masa a rai ba.

"Da can ma tashin ne ke ba ni wuya," in ji ta a hankali. "Ba na so ka riƙa ciccibata a gaban mutane ne. Da tana sama, ai zamewa nake yi in sauko, da ƙyar dai."

Masu benci sun zuba ido. Inna ta gyara mayafinta, ta sunkuyar da kai, ta miƙo masa hannu biyu.

"Zo ka ɗauke ni, Auta. Yi sauri."